Maki 9 cikin 10 ga bayanin kayan aiki: wa ya ce wakilin AI zai gane hanya da shi?

Bappa_Garwa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana ga masu haɗa sabar MCP, wato ƙa'idar da ke jona wakilin AI da kayan aikin wasu manhajoji, da duk mai ba wakilin AI (model mai kiran kayan aiki da kansa don ya cika aiki) kayan aiki. Yanzu an shiga yayin ba wa bayanin kayan aiki maki: a kwaso abin da ke gurbin description, a miƙa wa wani model ya karanta, ya ce wannan 9 cikin 10, wancan 4. Ni ban gamsu ba. Ku ɗauki manhajar sito irin ta 'yan sarin Garwa da Marwa, kayan aikin sunansa nemo_kaya, gurabensa uku: q, wuri, adadi. Ga bayani iri biyu.

Na farko: "Yana nemo kaya a sito."

Na biyu: "Wannan kayan aiki ne mai ƙarfi da sauri da ke ba ka damar bincika dukkan kayayyakin da ke rumbun bayananmu cikin sauƙi, ya dawo da sakamako cikakke. Yi amfani da shi duk lokacin da ake buƙatar wani bayani game da kaya."

Mai ba da maki zai fi karkata ga na biyu don ya fi tsawo da daɗin karatu. A ganina kuwa na biyun ya fi haɗari. To da wane ma'auni za a auna bayani, a ce lalle wannan zai ɗora wakili a hanya?

Hajja_Dijja
Wa alaikumus salam. Duka biyun sun faɗi, kowa da irin faɗuwarsa. Awon farko mai sauƙi ne: ka ɗauka sabon yaron shago ne ka miƙa wa takardar, bai san sito ba, bai san maigida ba, kuma ba shi da damar tambayar kowa. Abin da model yake gani ke nan, suna da bayani da sikimar gurabe (tsarin da ke faɗin irin abin da kowane gurbi ke karɓa), ba ya ganin lambobin manhajar da ke baya. Yaron nan zai so ya san abin da kayan aikin yake yi takamaimai, yaushe ake ɗaukarsa, yaushe ake barinsa a ɗauki wani, me ake zubawa a kowane gurbi kuma da wane salo, me zai dawo da shi, sannan ko yana taɓa wani abu ko dubawa kawai yake.

Na farko ya amsa rabin tambaya ɗaya. Na biyu bai ƙara komai ba sai kirari, "mai ƙarfi da sauri" ba ya taimakon kowa wajen zaɓi. Jimlarsa ta ƙarshe ma ɓarna ce, domin "duk lokacin da ake buƙatar wani bayani game da kaya" ta haɗiye tambayar farashi, da ta bashi, da ta kayan da ke kan hanya. Shi kuma "adadi", adadin me? Yawan sakamakon da za a dawo da shi, ko yawan buhunan da ake nema?

Abakar235
Hajja, wannan rariya ce mai kyau, tana tace tsakuwa, amma ba ita ce awo ba. Bayani ba don mutum aka rubuta shi ba, saboda haka karatun mutum ko na wani model alƙali hasashe ne kawai. Gani ya kori ji. A saka wakilin a aiki a ƙirga.

Ga yadda ake yi. A tara buƙatu 60 zuwa 100 irin waɗanda masu shago ke turowa da gaske, da kurakuran rubutunsu da cakuɗa Hausa da Faransanci, kada a gyara su. A raba su gida huɗu: waɗanda wannan kayan aikin ne amsarsu, waɗanda maƙwabcinsa ne amsarsu, waɗanda ba sa buƙatar kiran komai, da waɗanda bayaninsu bai cika ba, ya kamata wakili ya tsaya ya tambaya. Kowace buƙata a rubuta mata abin da ake sa ran gani tun kafin a gwada. Sai a kunna wakilin da dukkan kayan aikin da zai riƙe a ranar aiki, ba wannan kaɗai ba.

Abin da ake ƙirgawa: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cika gurabe daidai? Kira nawa ya yi kafin ya gama? Token nawa ya ci, wato gutsattsarin kalmomin da ake ƙirga aikin model da su? Kuma a ƙarshe aikin ya yiwu? Yawancin masu gwaji gida na ɗaya kawai suke cikawa, shi ya sa bayani irin na biyun Malam Bappa ke cin jarrabawa. Tunda yana kiran kansa a kan komai, ba zai taɓa faɗuwa a gidan farko ba. A gida na biyu da na uku asirinsa ke tonuwa. Jadawalin gwajin da jami'ar Berkeley ke wallafawa, BFCL, shi ma ya ware sashe na musamman don duba ko model ya san lokacin da bai kamata ya kira komai ba.

Garga_dev
Gida na uku da na huɗu su ne maganar. Ɗan aiken da bai san ya dawo ya ce "ban gane ba" ya fi wanda bai je ba ɓarna.

Mairamu_Marwa
Bari in kawo abin da mai ba da maki daga waje ba zai taɓa hangowa ba: kuɗi. Gurbi mai suna montant ko farashi, an rubuta masa "kuɗin da za a biya". A ido ya yi daidai. Amma a kasuwa ba da sefa ake ƙirga ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai albasa ya ce "ɗari biyu", nufinsa dala 200, wato sefa 1000, jaka guda. Wakilin zai zuba 200 a gurbin hankalinsa kwance, sikima ta karɓa tunda lamba ce, ba wani kuskure da zai fito a rajista. An biya kashi ɗaya cikin biyar ke nan.

Ƙari a kan haka, XAF, wato sefar tsakiyar Afirka, ba ta da ƙananan kuɗi irin santi a tsarin ISO 4217 na lambobin kuɗaɗen duniya. Model da ya saba da dalar Amurka yana iya ninka kuɗin da 100, don ya ga manhajojin biyan kuɗi da yawa da santi suke karɓa. Sefa 5000 ta koma 500000. Sannan a Faransanci waƙafi ke raba ɓangaren lamba, ana kuma barin fili tsakanin dubbai, "1 500,5", wanda mai karatun Ingilishi zai fahimta dabam.

Bayanin gurbin da ya amsa sunansa zai ce: cikakkiyar lamba, da sefar XAF, ba ɗigo ba waƙafi ba fili, kada a ninka da 100, idan mai magana ya ambaci dala a ninka da 5, idan ya faɗi lamba tsirara ba tare da ya ce dala ko sefa ba, a tambaye shi. Sunan gurbin ma a mai da shi montant_xaf. Kuma lalle buƙatu goma aƙalla cikin gwajin Malam Abakar su zama na wannan tarkon.

Abakar235
@Mairamu_Marwa a nan Injamena haka ne da riyal, shi ma sefa 5. "Miya" a Larabcin kasuwa riyal 100 ce, sefa 500, "alif" kuma sefa 5000. Ɗan Kusuri da ke tsallake gadar Ngeli kullum yana iya haɗa sefa da dala da riyal a saƙo ɗaya. Ga na bakin iyaka wajen Fotokol da Amcide sai a ƙara naira.

Dan_Kusuri
Miya 500, tuwon nawa ke nan? 😂 To amma da gaske, wannan duk ba cusa wa bayani abin da ba nasa ba ne? Maganar dala ai a babban umarnin wakili ya kamata ta zauna sau ɗaya, ba a maimaita ta a kayan aiki goma ba.

Hajja_Dijja
Ƙanena, rabi kana da gaskiya. Al'adar ƙirgar masu magana, wurinta babban umarni, in kai ne mai wakilin. Amma abin da gurbin ke karɓa, wato XAF cikakkiya ba ninki, dole ya zauna a jikin kayan aikin. Dalilin MCP ke nan tun da Anthropic ta fito da shi a Nuwamban 2024: saba ɗaya, manhajoji da yawa su jona. Ba ka san umarnin da wancan ya rubuta wa wakilinsa ba, ko ma bai rubuta ba. Bayaninka ne kaɗai ke bin kayan aikinka duk inda ya je.

Modibbo_Ngaundere
Ina so in tsaya a kan jimla ɗaya da Malam Abakar ya wuce da sauri, cewa a gwada da dukkan kayan aiki tare. Nan ne ba da maki ɗaya bayan ɗaya ya rushe tun daga tushe. Bayani ba shi da kyau ko muni shi kaɗai, sai an jera shi da maƙwabtansa. nemo_kaya, duba_kaya, lissafa_kaya: kowanne zai iya samun 9 cikin 10, amma in an haɗa su ukun model ya rasa na ɗauka.

Maganinsa jadawalin ruɗani. A jere kayan aikin da ya kamata a kira a gefen hagu, waɗanda aka kira da gaske a sama, a cika akwatuna da ƙirga. Layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne daidai, duk abin da ya faɗa wajensa ɓata ne. Abin dubawa shi ne ko ɓatan ta gefe ɗaya take. Idan buƙatun duba_farashi suna zubewa cikin nemo_kaya amma ba a samun akasin haka, to nemo_kaya ne ya faɗaɗa bakinsa, shi za a rage wa, ba a ƙara wa duba_farashi kirari ba. Idan ɓatan ta kowane gefe ce, iyakar da ke tsakaninsu ce ba a ja ba, sai kowanne ya ambaci ɗan'uwansa da suna: "don farashi yi amfani da duba_farashi". In an yi haka har sau biyu ba ta gyaru ba, mai yiwuwa kayan aiki ɗaya ne aka tsaga biyu ba dalili, a haɗe su a ƙara gurbi.

Yawa ma yana da nasa. Takardun OpenAI suna ba da shawarar a riƙe ƙasa da 20 a lokaci guda. Wanda ya jona saba biyar kowacce da kayan aiki 15, ya gwada bayaninsa a cikin wannan cunkoson, ba a ɗaki shi kaɗai ba.

Injiniya_Hamadu
Kafin kowa ya yi murna da sakamakon gwaji, a yi lissafi. Buƙatu 20, kowace ɗaya maki 5 ce cikin ɗari. Tsohon bayani ya ci 16, sabo ya ci 17, wannan ba ci gaba ba ne, iska ce. Ko da buƙatu 50, idan nasara tana wajen 80 cikin ɗari, tazarar rashin tabbas ta kai kusan maki 11 sama ko ƙasa. Hanyar rage wannan ita ce a gwada bayanan biyu a kan buƙatu iri ɗaya, a duba waɗanda suka sauya kawai: nawa suka tashi daga faɗuwa zuwa ci, nawa suka koma baya. A karanta su ɗaya bayan ɗaya da ido.

Na biyu, kowace buƙata a maimaita ta aƙalla sau 5. Model ba ya ba da amsa ɗaya kullum, ko an sauke temperature, saitin da ke sa amsa ta riƙa sauyawa, zuwa 0 ba a samun tabbaci cikakke. Gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 ya kawo ma'aunin da ke tambayar ko wakili ya ci aikin a dukkan maimaici, ba sau ɗaya cikin sa'a ba. Lissafin yana da ban tsoro: wanda ke ci 90 cikin ɗari a kira ɗaya, in aikin yana buƙatar kira 5 a jere duka su yi daidai, ya sauko wajen 59. Wani abin koyi daga gwajin nan, ba kalaman wakili suke dubawa kawai ba, rumbun bayanai suke buɗewa bayan an gama su ga ko ya zama yadda ake so. Wakili zai iya cewa "an rubuta buhu 40" alhali 4 ya rubuta.

Sali_Mokolo
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Da wane harshe ya kamata a rubuta bayanin? Masu amfani Hausa da Fulatanci suke yi, masu haɗa manhajar Faransanci, model kuma an ce Ingilishi ya fi ji.

Garga_dev
Ingilishi, ba gardama. Ya fi arha ma. Ma'ana ɗaya da Hausa tana cin token fiye da ta Ingilishi, haruffa masu ƙugiya kuma kowanne bayit 2 ne a UTF-8, sau da yawa suna farfasa kalma. Bayanan kayan aiki kuwa ana tura su ne a kowane kira.

Mairamu_Marwa
Da gardama, Malam Garga. Jikin bayanin da Ingilishi ko Faransanci, na yarda. Amma kalmomin da masu magana ke furtawa dole su bayyana yadda suke. Idan mai shago ya ce "masakwa" ko "muskuwari", rumbun kuma "sorgho de contre-saison" ya sani, wa zai haɗa su? Ko dai bayanin gurbin ya faɗi harshen da rumbun ke ji, ko kuma sabar ta riƙe jerin sunaye masu ma'ana ɗaya, wanda shi ya fi. Haka ma'auni: buhu, kwano, koro a Cadi. Buhun masara da na albasa ba nauyinsu ɗaya ba. Kuma ai ba sai mun yi musu ba, wannan ma abin gwadawa ne: bayani ɗaya, harshe uku, buƙatu iri ɗaya, a ga jadawali.

Modibbo_Ngaundere
Tunda an taɓo rubutu, ga tarko a gurbin "wuri". In an bar shi fili, wakili zai rubuta Ngaundere yau, Ngaoundéré gobe, N'Gaoundéré jibi. Masu manhaja sukan ce ai muna cire alamomin saman haruffa kafin bincike. Dabarar NFD tana raba é ta zama e da alama, sai a jefar da alamar. Amma ƙ, ɗ, ɓ ba sa rabuwa a Unicode, kowannensu harafi ne mai zaman kansa, saboda haka "ƙanzo" da "kanzo" ba za su haɗu ba sai an rubuta musu jadawalin musanya da hannu. Wasu ma dabarar tasu share duk abin da ba ASCII ba ce, sai ƙanzo ya koma "anzo".

Sannan binciken da ke kama farkon kalma: a rubuta Garoua ya kawo har da Garoua-Boulaï, wadda ke jihar Gabas a kan iyakar Afirka ta Tsakiya, tafiyar ɗaruruwan kilomita. In sitocin ƙididdigaggu ne, a mai da gurbin enum, wato jerin zaɓi ƙayyadadde, a jera su, magana ta ƙare. Abin da sikima za ta iya tilastawa kada a bar wa bayani ya roƙa.

Dan_Kusuri
To ai shi ke nan, a kunna strict a huta. Tun Agustan 2024 OpenAI suka kawo shi, kiran ba zai fita daga sikima ba.

Injiniya_Hamadu
@Dan_Kusuri strict siffa yake tsarewa, ba ma'ana ba. 200 ɗin da Malama Mairamu ta kawo cikakkiyar lamba ce, za ta wuce salin alin. Yana ma da nasa illar: a tsarin nan kowane gurbi sai an sa shi cikin required, wanda ba dole ba sai a ba shi damar zama null, wato fanko. In aka manta da wannan, wakilin da ba a faɗa wa sito ba dole ya zaɓi ɗaya daga cikin jerin, sai ya ƙirƙira. An gudu ba a tsira ba. Wannan gida na huɗu na gwajin Malam Abakar ne ke kama shi.

Kwanan wata ma haka. 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta a bayanin gurbin: shekara-wata-rana bisa ISO 8601, da misali guda, da agogon da ake nufi. Kamaru da Cadi duka UTC+1 ne, saba kuwa galibi a UTC take, cinikin ƙarfe 12 da rabi na dare sai ya faɗa lissafin jiya.

Hajja_Dijja
Akwai rabin bayani da ba a rubuta shi a gurbin description, kuma masu ba da maki ba sa ganinsa sam: abin da kayan aikin ke dawowa da shi, musamman in an yi kuskure. "Erreur 422" ba ta koya wa wakili komai, zai sake tura abin da ya tura, ko ya ba wa mai tambaya haƙuri. Amma "lambar waya ta Kamaru lamba 9 ce bayan +237, ka turo 8" tana sa ya gyara a kira na gaba, ko ya gane cewa ta Cadi ce, +235 da lamba 8. A MCP irin wannan kuskuren ana mai da shi ne cikin sakamako tare da alamar kuskure ta isError, don model ya karanta. In aka jefa shi a matsayin kuskuren JSON-RPC, wato na hanyar sadarwar da ke tsakanin saba da manhaja, ba lalle ya isa gare shi ba.

Don haka a ƙara ma'auni na shida a kan biyar ɗin Malam Abakar: bayan kuskuren farko, sau nawa wakili ya farfaɗo a kira na biyu? Haka sakamakon da babu komai a ciki. Jeri fanko yana nufin kayan sun ƙare, ko sunan ne ba a gane ba? Abu biyu ne dabam ga ɗan kasuwa, kuma in ba a bambanta su ba wakilin zai ce wa mai saye "babu" alhali sito cike yake.

Bello_Gidar
Ni abin da ya fi damuna kayan aikin da ke motsa kuɗi ta waya. Kowa ya san yadda layi ke yankewa a nan. An tura biya, kuɗin ya fita, amsar ce ba ta dawo ba. Wakili ya ga lokaci ya ƙare, ya sake turawa. Bayanin da bai ce "kada a maimaita, a duba da duba_biya tukuna" ba, ko maki nawa aka ba shi sifili ne a wurina. Ai don wannan aka kawo su readOnlyHint, destructiveHint da idempotentHint, alamomin da ke nuna ko kayan aiki dubawa kawai yake, ko yana iya ɓarna, ko maimaita shi ba ya ƙara komai, a fasalin MCP na Maris 2025.

Abakar235
Malam Bello, gyara kaɗan. Waɗannan alamomin ishara ce ga manhajar da ke riƙe da wakilin, don ta san inda za ta tsaya ta nemi izinin mutum. Ba kowace manhaja ke nuna wa model su ba, kuma ƙa'idar da kanta ta ce kada a amince da su in ba daga sabar da aka yarda da ita suka fito ba. Ko jimlar da ka ce a rubuta, tana rage faruwar abin ne, ba ta hana shi. Abin da ke hanawa yana cikin sabar: kowane biya da lambar shaidarsa, in ta sake zuwa a dawo da sakamakon farko ba tare da an sake cire kuɗi ba. Gwajinsa kuma sai da gangan: a sa sabar gwaji ta karɓi kiran ta yi shiru na daƙiƙa 30, a ga me wakilin zai yi. Wanda bai saka yankewar layi cikin gwajinsa ba, don wata ƙasa ya gwada.

Sali_Mokolo
Ana ta maganar bayanin da bai iya jan wakili ba. Wanda ya iya jansa fiye da kima fa? A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, mutum yana ganin taƙaitaccen suna a fuskar manhaja, model kuwa yana karanta duka, har da inda aka ce ya buɗe wani fayil ya tura abin da ke ciki. A ma'aunin "ya ɗora wakili a hanya" irin wannan zai ci maki cikakke. Kuma saba tana iya sauya bayaninta bayan an amince da ita. Duk mai jona sabar da ba tasa ba ya karanta abin da tools/list, umarnin da ke jero kayan aikin saba, ke dawowa da shi gaba ɗaya, MCP Inspector yana nuna shi, ya ajiye hash ɗinsa, wato tambarin da ke sauyawa da zarar rubutun ya sauya, in ya sauya a tsaya a sake dubawa. Bayanin da ke ba da umarni a kan wasu kayan aikin da ba na sabarsa ba, ko yake cewa kada a gaya wa mai amfani, ba sai an kai shi gwaji ba.

Garga_dev
Mu koma kan tambayar Malam Bappa. Ni ban yarda a jefar da model alƙali gaba ɗaya ba. Mai saba 40 ba zai iya haɗa wa kowacce buƙatu 100 ba. Gyara shi za a yi. Kada a ce "ba da maki 1 zuwa 10", a yi masa tambayoyin i ko a'a: an faɗi ma'aunin wannan gurbin? An ambaci lokacin da ba a amfani da shi? Kuma duk "i" sai ya kawo jimlar da ta tabbatar. In ana gwama bayani biyu, a juya jerinsu a sake tambaya, domin an san alƙalan nan suna karkata ga matsayi da kuma tsawo. Mafi amfani, a ba shi bayanin kaɗai a ce ya rubuta buƙatu biyar da yake ganin na wannan kayan aikin ne. In ya rubuto tambayar farashi a ƙarƙashin nemo_kaya, ka ga ɓarakar ba tare da ka kunna komai ba.

Injiniya_Hamadu
Dabarar ƙarshen nan tana da kyau. Sai dai a kiyaye abu biyu in an fara gyara. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Kuma a ɓoye kashi ɗaya cikin uku na buƙatun, kada mai gyaran bayani ya gan su, mutum ne ko model. In ba haka ba bayanin zai riƙa kumbura da amsoshin jarrabawa, maki na hawa, aiki na nan inda yake. Misalan da ake sakawa ma a yi hattara: ka sa "albasa" a matsayin misali ɗaya tilo, wata rana buƙata ta zo a dagule sai ka ga wakili ya nemo albasa.  In an sauya model kuwa, a sake gwajin daga farko, don bayanin da aka cika da MUHIMMI da DOLE saboda ƙaramin model yakan sa babba ya riƙa kiran kayan aikin inda bai kamata ba.

Bappa_Garwa
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Ga yadda na sake shi:

"Yana nemo kaya da suna a sito ɗaya, ya dawo da lambar kaya, sunansa, da yawan da ya rage tare da ma'auninsa. Dubawa kawai yake, ba ya sauya komai. Ba ya ba da farashi, don wannan a kira duba_farashi da lambar kayan. Ba ya ganin kayan da ke kan hanya. In ba a faɗi sito ba a tambaya, kada a zaɓa. Yana karɓar sunan kaya da Hausa ko Faransanci."

q ya koma sunan_kaya, wuri ya koma sito mai enum, adadi ya koma iyakar_sakamako, daga 1 zuwa 50, in ba a cika ba 10.

Hajja_Dijja
Ya fi na da nesa ba kusa ba. Saura bambancin "ya ƙare" da "ban san sunan ba".

Modibbo_Ngaundere
Ni "in ba a faɗi sito ba a tambaya" ce ban yarda da ita ba. Mai shago ya ce "ina akwai sukari?", so yake a duba duka sitocin, tambayarsa ke nan. Da wannan jimlar wakili zai mai da masa da tambayar da ya yi, ko ya yi kira shida a jere. A bar gurbin ya karɓi null ya duba ko'ina.

Mairamu_Marwa
Malam Modibbo, in ya duba ko'ina ya ce akwai buhu 30, mai tambaya yana Marwa, buhunan suna Ngaundere fa? Sai dai in kowane layi na sakamakon zai fito da sunan sitonsa.

Abakar235
Ku rubuta duka biyun. Malam Bappa, ka zuba buƙatu 16 marasa sunan sito a gida na huɗu, rabi irin na "ina akwai", rabi irin na "saura nawa", sau biyar kowacce, ka kawo mana jadawalin. Ina zargin kowannenku zai ci rabi, amma bari mu gani.

Dan_Kusuri
A saka guda uku da Larabcin Injamena a ciki, don Allah.